Alfred Hitchcock: Ɗan Mai Kayan Lambu Da Ya Kai Tsoro Filin Wasa

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin nufi shi ne, mutum ya kan shiga taitayinsa in ya faɗa surƙuƙin jeji ko kuwa duhu ya rutsa da shi a hanya, amma da zarar ya shigo gari ya ga fitilu da jama'a, sai hankalinsa ya kwanta. To, an yi wani Bature ɗan ƙasar Ingila wanda ya shafe shekara fiye da 50 yana rushe wannan magana a gidajen silima na duniya. Sunansa Alfred Hitchcock. Shi ne ya ɗauko tsoro daga daji ya kawo shi cikin jirgin ƙasa, da ɗakin kiɗa, da masaukin baƙi, har ya kai shi filin wasa inda iyaye ke kai 'ya'yansu hawa lilo. Saboda haka ne Turawa suka naɗa shi sarkin fargaba, kuma har yau sarautar ba ta bar hannunsa ba.

Ya shirya finafinai 53 a rayuwarsa. Daga cikinsu akwai guda ɗaya, na shekarar 1951, mai suna Strangers on a Train, wato Baƙi a Cikin Jirgin Ƙasa, wanda aka yi kisan cikinsa a filin wasa, aka kuma ƙare rigimar a kan lilon dawakan katako. Wanda ya fahimci wannan fim ya fahimci mutumin, don kuwa duk abin da ya ke tsoro tun yana yaro yana cikinsa.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Alfred Joseph Hitchcock ran 13 ga Agusta, 1899, a unguwar Leytonstone da ke gabashin Landan. Mahaifinsa William ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lambu da 'ya'yan itace, daga baya ya haɗa da kifi. Sunan mahaifiyarsa Emma. Shi ne autan 'ya'ya uku, kuma gidansu mabiya ɗarikar Katolika ne, masu tsananin tarbiyya.

Akwai wani labari da shi kansa ya riƙa bayarwa har tsufansa. Wai sa'ad da ya ke da shekara kamar 5 ya yi wani ɗan laifi a gida, sai uban ya rubuta takarda ya ba shi, ya ce ya kai ofishin 'yan sanda. Da ɗan sandan ya karanta, sai ya kama hannunsa ya sa shi a ɗakin tsare masu laifi, ya kulle na 'yan mintoci, sa'an nan ya buɗe ya gaya masa haka a ke yi wa yara marasa ji. Hitchcock ya ce tun daga ranar tsoron 'yan sanda bai rabu da shi ba, har ya kan ce shi ya sa ba ya son tuƙa mota, kada wata rana a tsayar da shi a hanya.

A 1910 aka sa shi makarantar St Ignatius ta limaman Katolika. A can in yaro ya yi laifi ba a dukansa nan take. Sai a rubuta hukuncin, a bar shi ya wuni yana jiran lokacin da zai je ya miƙa hannu a tsula masa dorinar roba. Yaron ya lura cewa jiran ya fi dukan ciwo. Wannan darasi shi ne jarin da ya ci abinci da shi har ƙarshen ransa.

Yaro ne mai ƙiba, marar yawan abokai, ya fi son ya zauna gefe yana kallon mutane. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne taswira da jadawalin tashin jiragen ƙasa, har ya kan haddace sunayen tashoshi. Mahaifinsa ya rasu a watan Disamba na 1914, lokacin yana da shekara 15. A wajen wannan lokaci ne ya kama aiki a kamfanin Henley mai yin wayoyin lantarki, a kan albashin sule 15 a mako. Da aka ga ya iya zane, sai aka mai da shi sashen talla.

SHIGARSA AIKIN SILIMA

A wancan zamani fim ba ya magana. Hoto ne kawai ke motsi, sai a riƙa sako rubutu jefi-jefi don mai kallo ya gane abin da a ke ciki. Wajen 1920 wani kamfanin Amurka ya buɗe gidan shirya fim a unguwar Islington ta Landan, sai Hitchcock ya kai musu samfurin zanensa, suka ɗauke shi aikin tsara wannan rubutu. Da ya ke mutum ne mai naci, cikin 'yan shekaru ya koyi rubuta labari, da tsara ɗakin wasa, da taimaka wa darekta.

A nan ne ya haɗu da Alma Reville, wadda ya girma da kwana ɗaya tak, don an haife ta ran 14 ga Agusta, 1899. Ta riga shi shiga sana'ar, aikinta shi ne yanka fim da haɗa shi. Suka yi aure ran 2 ga Disamba, 1926, suka haifi 'ya ɗaya, Patricia, a 1928. Tun daga lokacin babu labarin da zai karɓa, ko fim da zai saki, sai Alma ta duba ta ce ya yi.

A 1924 aiki ya kai shi Jamus, inda ya ga yadda gwanayen can ke ba da labari da haske da inuwa ba tare da rubutu mai yawa ba. Fim na farko da ya kammala a matsayin darekta shi ne The Pleasure Garden, a 1925. Amma wanda ya fito da sunansa shi ne The Lodger na 1927, labarin wani baƙo ɗan haya wanda mutanen gari suka zarga da kisan mata, suka bi shi za su hallaka, alhali kuwa ba shi da laifi. A wannan shekara kuma ya yi The Ring, labarin 'yan dambe, wanda ya buɗe da hoton filin wasa mai lilo da rumfunan 'yan kallo. Ashe tun daga farko waɗannan abubuwa biyu, wato marar laifi da a ke farauta, da kuma wurin nishaɗin jama'a, suna cikin kansa.

Da magana ta shigo fim, ya yi Blackmail a 1929, wanda a ke lissafawa cikin finafinan Ingila na farko masu sauti. Sa'an nan ya jero The Man Who Knew Too Much a 1934, inda aka shirya harbe wani babban baƙo ana tsakiyar kiɗa a babban ɗakin taro na Albert Hall, da The 39 Steps a 1935, da The Lady Vanishes a 1938, labarin wata tsohuwa da ta ɓace a cikin jirgin ƙasa, fasinjoji kuma suka rantse ba su taɓa ganinta ba.

CIN RANI A AMURKA

A watan Maris na 1939 ya kwashe iyalinsa suka haye teku zuwa Amurka, bayan ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 7 da wani attajirin silima mai suna David Selznick. Abin da ya kai shi shi ne abin da ke raba kowane mai sana'a da garinsu: can ne kuɗi da kayan aiki su ke. Fim ɗinsa na farko a Holiwud, Rebecca na 1940, ya ci lambar Oska ta fim mafi kyau na shekara, amma Selznick ne ya karɓa, don shi ne mai dukiyar.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Watanni kaɗan da tafiyarsa Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai waɗansu tsofaffin abokan aikinsa a Ingila suka shiga yi masa gori a jarida, wai ya gudu ya bar ƙasa a cikin wuta. Mahaifiyarsa ta rasu a 1942 yana nesa, wansa kuma ya bi ta a 1943. Ya koma Landan ana cikin yaƙin, ya shirya gajerun finafinai biyu da harshen Faransanci a 1944 don taimakon gwamnati. Ga kuma Selznick mai son sa baki a kowane abu. Dabarar da Hitchcock ya yi ita ce, ya kan ɗauki hoton da ya ke bukata kawai, daidai wa daida, yadda ko an ba wani ya haɗa fim ɗin, ba shi da wata hanya sai wadda darektan ya tsara.

Da wa'adinsa ya cika, sai ya kafa kamfaninsa tare da wani abokinsa, Sidney Bernstein. Suka yi Rope a 1948 da Under Capricorn a 1949, kasuwa ba ta karɓe su ba, kamfanin ya durƙushe. Stage Fright na 1950 ma bai yi wani armashi ba. Ga shi ya haura shekara 50, har an fara raɗe-raɗin ko tauraronsa ya dushe. Yana cikin wannan hali ne wani littafi ya faɗo hannunsa.

BAƘI A CIKIN JIRGI

Littafin na wata matashiya ce 'yar Amurka, Patricia Highsmith, kuma shi ne na farko da ta wallafa, a 1950. Hitchcock ya aika aka saya masa izinin mai da shi fim a kan dala 7,500, ya kuma hana a ambaci sunansa wajen ciniki don kada kuɗin ya hau. Marubuciyar ba ta ji daɗi ba da ta gane ko wane ne mai sayen. Ya ɗauko shahararren marubucin labarun 'yan sandan ciki, Raymond Chandler, don ya tsara wasan, amma jininsu bai haɗu ba, suka rabu baram-baram. Wata mata mai suna Czenzi Ormonde ce ta sake rubuta yawancin labarin.

Ga yadda ya ke. Wani saurayi gwanin wasan tanis, Guy Haines, yana cikin jirgin ƙasa, sai ƙafarsa ta taɓa ta wani fasinja mai suna Bruno Antony. Daga ba da haƙuri sai hira ta ɓarke. Bruno ɗan masu kuɗi ne, mai fara'a da zaƙin baki, kuma ya karanta a jarida cewa Guy yana neman rabuwa da matarsa Miriam don ya auri Anne, 'yar wani sanata. Shi kuwa Bruno ya ƙi jinin ubansa. Sai ya kawo shawara: shi ya kashe wa Guy matarsa, Guy kuma ya kashe masa uba. Tun da babu abin da ya haɗa kowane mai kisa da wanda ya kashe, 'yan sanda ba za su sami bakin zaren ba. Guy ya ɗauka zancen mahaukaci ne, ya yi dariya ya amsa masa sama-sama don ya rabu da shi, ya sauka. Garin sauri ya manta laitarsa ta kunna taba, wadda Anne ta ba shi, mai ɗauke da harufan sunayensu.

Baki shi ke yanka wuya. Bruno ya ɗauki wannan amsa a matsayin alkawari. Ya tafi garin su Miriam, ya bi ta da dare har filin wasa, tana tare da samari biyu. A nan ne gwanintar Hitchcock ta fito. Babu duhu, babu kururuwa. Fitilu ne ko'ina, da kiɗa, da masu sayar da kayan kwalama. Wani yaro ya nuna Bruno da bindigar wasa, shi kuwa ya sa bakin sigarinsa ya fasa masa balan-balan. Ya je wurin gwada ƙarfi, ya ɗaga guduma ya buga har ƙararrawa ta kaɗa, Miriam tana satar kallonsa tana jin daɗi, tana zaton wani mai sonta ne. Ya hau lilon dawakai a bayanta. Da suka shiga ƙaramin jirgin ruwa suka bi ta wani kogon wasa, ya bi su a nasa, inuwarsa ta hau kan tata a jikin bango, aka ji ta ƙwala ihu, ashe wasa ne su ke yi da saurayinta. Mai kallo ya saki ajiyar zuciya. Sai da suka isa wani ɗan tsibiri, ta ɗan ware daga abokan tafiyarta, sa'an nan Bruno ya haska fuskarta da laitar, ya tambayi sunanta, ya shaƙe ta. Tabaraunta ya faɗi a ciyawa, kuma a cikin gilashin tabaraun ne mai kallo ke ganin kisan, kiɗan lilo kuwa bai fasa tashi daga nesa ba.

Daga nan Guy ya shiga uku. Shi ne wanda kowa ya san yana da dalilin kashe matar. Mutumin da zai ba da shaidar inda ya ke a daren, wani malamin jami'a ne da suka haɗu a jirgi, amma a buge ya ke, bai tuna kome ba. Bruno kuma ya zame masa ƙarfen ƙafa, yana bin sa duk inda ya sa gaba, yana neman a biya shi bashin kisa. Akwai wurin da aka nuna 'yan kallon tanis, kowa na juya kai dama da hagu yana bin ƙwallo, kai ɗaya ne kawai bai motsa ba, na Bruno, ya ƙura wa Guy ido. Da ya tabbata Guy ba zai cika masa buri ba, sai ya ƙudura zai koma tsibirin nan ya yar da laitar, don 'yan sanda su tsinta.

LILON DA YA ƘWACE

Ƙarshen fim ɗin tsere ne. Dole Guy ya gama wasan tanis da wuri ya kama jirgi, 'yan sanda na biye da shi. Shi kuma Bruno laitar ta suɓuce masa ta faɗa ramin kwata, ya durƙusa ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa yana lalube. Abin mamaki, mai kallo ya kan sami kansa yana fatan yatsun mugun su kai ga laitar. Haka Hitchcock ke wasa da zuciyar mutane, har ya sa su goyon bayan wanda suka san azzalumi ne.

Suka haɗu a filin wasan da almuru, Bruno ya haye lilon dawakai, Guy ya bi shi. Wani ɗan sanda ya yi harbi, harsashi ya kuskure ya sami mai kula da injin, ya faɗi a kan abin sarrafa gudu. Sai lilo ya ƙwace, yana juyawa kamar guguwa, cike da yara, iyaye mata na kururuwa a gefe. Mutanen biyu na kokawa a ƙarƙashin kofatan dawakan katako masu hawa da sauka. Wani ɗan yaro ma dariya ya ke yi, yana zaton duk cikin wasa ne, har ya kusa faɗowa, Guy ya cafe shi. Can sai wani tsoho ma'aikacin wurin ya ce zai iya, ya kwanta rub da ciki ya rarrafa ta ƙarƙashin dandamalin da ke juyawa, ya kai tsakiya ya ja birki. Tsayawar ta zo da ƙarfi, lilo ya tarwatse. Aka sami Bruno a danne cikin tarkace, yana fitar rai amma bai fasa ɗora wa Guy laifi ba. Sai da ya cika hannunsa ya buɗe, ga laita a tafinsa.

An kafa filin wasan ne musamman a wata gona da ke Chatsworth, a jihar Kalifoniya. Tarwatsewar lilon dabara ce: ƙaramin lilo na gwaji aka fasa, aka ɗauki hotonsa, aka haska shi a babban allo, 'yan wasa suka tsaya a gabansa. Amma rarrafen tsohon nan babu dabara a ciki. Da gaske ya shiga ƙarƙashin lilo mai gudu, kuma da ya ɗaga kansa kaɗan da ya mutu. Hitchcock ya faɗa daga baya cewa bai taɓa yin ganganci irin wannan ba, kuma duk sa'ad da ya tuna sai tafin hannunsa ya yi gumi.

Kamfanin Warner ya saki fim ɗin a tsakiyar 1951, jama'a suka yi cincirindo, sunan Hitchcock ya dawo. Farley Granger ne ya fito a Guy, 'yar darektan, Patricia, ta fito a ƙanwar Anne. Robert Walker, wanda ya fito a Bruno, a da an san shi ne da fitowa a yaron kirki, wannan ya sa muguntar ta fi ratsa jiki. Bai ci ribar yabon ba, don ya rasu a watan Agusta na wannan shekara yana da shekara 32. Mai ɗaukar hoton, Robert Burks, ya shiga jerin 'yan takarar Oska, ya kuma ci gaba da aiki da Hitchcock shekaru da dama. Darektan kansa, bisa al'adarsa ta leƙowa a finafinansa, ya bayyana yana kiciniyar hawa jirgi da wani ƙaton goge na Turawa. A wurin rufewa an nuna Guy da Anne a cikin jirgi, wani limamin coci ya tambaye shi ko shi ne Guy Haines, suka dubi juna suka tashi suka bar masa wurin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

ASIRIN SANA'AR

A 1962 wani darekta ɗan Faransa, François Truffaut, ya zauna da shi kwana da kwanaki yana yi masa tambayoyi, aka buga hirar a littafi a 1966. A ciki ya bayyana bambancin razana da fargaba. In mutum biyu na hira a tebur, bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun da fari, aka nuna masa agogo, to, ko hirar banza su ke yi zai zauna a kan ƙaya har lokacin ya cika. Wato a sanar da mai kallo abin da 'yan wasa ba su sani ba, a bar shi da jira, kamar ɗan makarantar da aka rubuta wa bulala.

Filin wasa kuwa ya dace da wannan dabara fiye da ko'ina. Wuri ne da mutane ke biyan kuɗi don a tsorata su, saboda haka ihun gaske da na wasa ba su da bambanci a kunne. Kowa baƙo ne, ba mai tambayar wani daga ina. Ga injuna masu ƙarfi waɗanda rayukan yara ke hannun mutum ɗaya mai riƙe da birki.

ƊAUKAKA DA TABO

Shekaru 12 da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Ya yi Rear Window a 1954, ya sake yin The Man Who Knew Too Much a 1956, inda ya ɗauki wani sashe a kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko. Sai Vertigo a 1958, da North by Northwest a 1959, wanda a ciki jirgin sama mai feshin gona ya farauci mutum da rana tsaka a fili fetal. Sai Psycho a 1960, wanda ya sa gidajen silima suka hana kowa shiga in an riga an fara, da The Birds a 1963. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1955, a shekarar kuma ya fara wani shiri a talabijin wanda ya yi shekara 10 ana nunawa, har fuskarsa da tumbinsa da baƙar kwat ɗinsa suka zama sananne a kowane gida.

Sai dai kowane gwani da nasa tabon. Mutum ne mai son mallakar 'yan wasansa, musamman mata. Tippi Hedren, wadda ta fito a The Birds da Marnie, ta sha wuya ƙwarai: an yi kwanaki ana jefa mata tsuntsaye masu rai don ɗaukar wani sashe, har ta kwanta jinya. A littafin tarihinta na 2016 ta zarge shi da neman ta da lalata, ta ce da ta ƙi sai ya riƙe ta da yarjejeniya ya daƙile mata sana'a. Lokacin ya daɗe da mutuwa, amma zargin ya zama wani ɓangare na yadda a ke auna shi a yau.

Sau 5 ana sa shi takarar Oska ta darekta, bai taɓa ci ba. A 1968 aka ba shi lambar girmamawa ta Thalberg. Ya koma Landan ya yi Frenzy na 1972 a kasuwar kayan lambu ta Covent Garden, wato cikin irin sana'ar mahaifinsa. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Family Plot na 1976. A 1979, wajen wani babban bikin karrama shi a Amurka, ya ce mutum huɗu zai gode wa: mai haɗa fim, da marubuciya, da uwar 'yarsa, da gwanar girki, sa'an nan ya bayyana cewa duka huɗun Alma ce. A ƙarshen shekarar Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir. Ya rasu a gidansa da ke Los Anjeles ran 29 ga Afrilu, 1980, yana da shekara 80, sanadin ciwon ƙoda. Alma ta bi shi a 1982, Patricia kuma a 2021.

ABIN DA YA BARI

Tun yana da rai waɗansu suka bi sawunsa zuwa filin wasa. A 1977 kamfanin Universal ya fito da Rollercoaster, wanda James Goldstone ya shirya, labarin wani saurayi mai dasa bam a kan titin ƙaramin jirgin wasa mai hawa da gangara, yana neman a biya shi dala miliyan 1, da wani jami'in duba lafiyar injuna, wanda George Segal ya fito a matsayinsa, da ke farautarsa. An nuna shi da waɗansu manyan lasifikoki masu girgiza kujerun 'yan kallo. Amma ginshiƙin labarin na Hitchcock ne: an nuna wa mai kallo bam, an nuna masa jama'a na dariya, an bar shi da jira.

A 2012 masana fim na duniya, a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound, suka zaɓi Vertigo a matsayin fim mafi kyau da aka taɓa yi, ya riƙe matsayin har 2022. A 2021 kuma Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa Strangers on a Train cikin finafinan da a ke adanawa don tarihi.

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a jirgin ƙasa ya san yadda hira da baƙo ke da daɗi, ya kuma san yadda mutum kan saki baki ga wanda ya ke zaton ba za su sake haɗuwa ba. Guy Haines bai kashe kowa ba, amma ya saurari zancen da bai kamata ya saurara ba, ya amsa da wasa inda ya kamata ya ce a'a, kuma mutuwar matar ta buɗe masa hanyar auren da ya ke so. Shi ya sa mai kallo ke fita daga silima bai tabbata ko ya wanke shi sarai ba. Yaron da aka kulle na 'yan mintoci a Leytonstone ya girma da sanin cewa tsakanin mai laifi da marar laifi tazarar ba ta da yawa, kuma da wannan sani ya riƙe duniya a kan kujera shekara 50.